Maiwar da Ta Ƙi Tsawo a Akébé

Akébé, Libreville
9 ga Fabrairu, 1976

Zuwa ga jikata Kaltoumi, a makarantar koyon aikin gona ta Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke a nan. Kakarki Haoua tana gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi, sai dai laimar garin nan ba ta barin ta ta sake.

Dubi rubutun nan da kyau. Ban roƙi kowa ya rubuta mini ba, hannuna ne. Shekara biyu ke nan ina ajiye kamyo, babbar motar da nake tuƙawa, da la'asar, in wanke siminti daga jikina, in je makarantar manya in zauna a kan benci da farin gemuna. In kin ga layi ya karkace, tuƙi ne ya saba mini da shan kwana.

Labari ya iso mini cewa kin shiga babbar makaranta, kuma ku biyu ne kawai mata a ajinku. Ranar da na ji, a ƙofar masallaci na tsaya ina faɗa wa kowa, har wanda bai tambaya ba. Maƙwabcina Sabitu mai walda, wani Bakano mai tsawon baki, ya ce na ishe su. Na ce ai bai ji komai ba tukuna.

To amaryata, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san maiwar gidanmu da ake kira doguwar Sali, da sunan mahaifina. Shi ya yi ta zaɓen irinta zangarniya-zangarniya, shekara da shekaru, har ta kai mai raƙumi sai ya miƙa hannu kafin ya taɓa kanta. Da zai rasu ya bar irin a hannun ƙanena Mahamman, don ni na riga na bi mota. Bara waccan kewarta ta kama ni, na aika Mahamman ya ƙullo mini kaɗan. Na shuka a bayan gida. Kwana arba'in da 'yan kai ta fid da kai tana iya gwiwata, zangarniyar kamar yatsa. Na sake shukawa, haka ta yi. Haoua ta ce ko kaji ba su ɗaga wuya ba wajen cin ta.

Na san abin da ya faru. Mahamman ya bar irin Baba ya ɓace, sai ya ɗebo mini tarkace, yana ganin direba ya manta gona. Na aika masa ta bakin Hammadi, mai kawo kaya daga Maraɗi, cewa ya ci amanar mahaifinmu. Ya aiko cewa tunda haka na ɗauke shi, kada in ƙara aiko masa da gaisuwa. Wata goma sha huɗu ke nan ba mu ji daga juna ba.

Abin da nake so, ki duba littattafanku ki rubuto mini cewa irin nan ba na Sali ba ne, malaminku ya sa hannu in da hali. Ina so in aika masa da takarda, ya san ba zargi nake yi ba.

Kakanki,
Issoufou Sali


Yamai
12 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga tsohon mijina, sabon ɗan makaranta.

Wa'alaikumus salam, Kaka. Ina lafiya, sai zafin bazara. A gaishe mini da Kaka Haoua, a ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Wasiƙarka na karanta ta sau uku, na nuna wa abokiyar ɗakina. Layinka ya fi na wasu malamanmu miƙewa.

Amma takardar da ka nema ba zan iya rubuta ta ba. Littafi bai ga maiwarka ba, ni ma ban gan ta ba. Abin da ake koya mana shi ne, mutum ya faɗi abin da yake zato, sannan ya nemi hanyar da zai gane in zaton nan ƙarya ne.

Da aka ba mu hutu na je ƙauye. Na auna karan bara da Kaka Mahamman ya yi danga da shi, kamu bakwai da rabi. Na shiga rumbu da kaina na ciro zangarniya, na murje ta, ga irin nan na ba Hammadi. Kaka Mahamman yana zaune yana kallona. Da zan tafi ne ya ce, "Ki tambaye shi in har yanzu ya san gaban garma da bayanta."

Zatona ƙasa ce. Ta wajenku ja ce, ruwa ya wanke ta, tamu kuwa jigawa. Don haka na haɗo da rabin buhu na ƙasar gonar. Hammadi ya ce tunda yake bai taɓa yi wa turɓaya rakiya zuwa wata ƙasa ba. Ka samu manyan gwangwanaye shida, uku ka cika da ƙasarmu, uku da ta Akébé. Ka shuka rana ɗaya, ban-ruwa ɗaya, wuri ɗaya. Abu guda kawai zai bambanta, ƙasar. Ka sayi kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lakwal, kowace Juma'a ka auna ka rubuta. Ka rubuta har abin da kake ganin ba shi da amfani. In na cikin ƙasarmu suka yi tsawo, na yi daidai.

Jikarka,
Kaltoumi


Akébé
20 ga Yuli, 1976

Kaltoumi, bayan gaisuwa, muna lafiya. Gari ya cika da aiki, ana ta gine-gine, siminti ba ya kwana a tashar jirgin ruwa. Sau biyar nake sawu a yini.

Ban ji daɗin shigarki rumbun Mahamman ba tare da kin shawarce ni ba, amma na yi duk abin da kika ce. Na shuka ranar ashirin ga Mayu. Na ɗauki kayen da muhimmanci har Haoua ta ce ko ranar aurenmu ban rubuta ba. Na ce lokacin ban iya ba.

Ga sakamako. Duka shidan sun fid da kai tsakanin kwana arba'in da uku da arba'in da bakwai. Mafi tsawo a cikinsu kamu ɗaya da taƙi. Na ƙasarmu ganyensu ya fi kore, iyaka ke nan. Kada kuma ki ce yawan ruwan sama ne. Na yi tunanin haka da kaina, amma yanzu ku ke damina, mu nan rani muke, tun farkon Yuni ba a yi ruwan kirki ba, da buta nake ba su.

Saboda haka zatonki ya faɗi, amarya, nawa ya tsaya. Ba ƙasa ba ce, ba ruwa ba ne, saura iri. Karan dangar nan wa ya san daga gonar wa ya fito? Ke yarinya ce, ya nuna miki rumbun da ya ga dama.

Tunda kin ce in rubuta har marar amfani, ga shi. Ranar da nake shuka wasu ƙwayoyi sun zube a gindin katanga, daidai tagar shagon Sabitu. Guda ta tsiro. Tana nan ta kai kafaɗata, ganye kawai, ko alamar kai babu. Wataƙila wata ciyawa ce ta biyo irin. Sabitu yana walda har bayan isha'i, ƙwan lantarkinsa yana haska ta kamar wata amarya, ita kuwa ba ta da aikin yi sai tsawo.

A masallaci an tambaye ni me jikar tawa ta gano. Na ce ana nan ana bincike. Ki taimake ni da amsa, bakin Sabitu ba ya hutawa.

Kakanki,
Issoufou


Akébé
14 ga Satumba, 1976

Kaltoumi, ina yi miki barka da shan ruwa. Yau azumi goma sha tara. Lafiyarmu ƙalau.

Wata biyu ke nan ba amsa. Kowace Asabar ina zuwa gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga ƙofa. Na zauna na sake karanta wasiƙarki, na ga inda kika kawo maganar garma ba ki ce ya yi laifi ba. Na gane. Kin zaɓi naki kakan, wanda yake kusa. Ko kuwa don na ce zatonki ya faɗi ne kika yi fushi? Ke kika ce in faɗi gaskiyar abin da na gani.

Ba zan ɓoye miki ba, azumin bana gida nake ta tunani. A can, azumin da ya faɗo farkon damina rana ba ta son faɗuwa, na lokacin sanyi kuwa nan da nan an sha ruwa. A nan shekara goma sha ɗaya na yi, magariba ba ta matsawa sai da 'yan mintoci. Shida da 'yan kai yau, shida da 'yan kai bayan wata shida. Ladanmu ko agogo ya lalace ba ya kuskure. Gari ne da ba shi da doguwar rana.

Hammadi ya ce Mahamman ba shi da lafiya, ƙirji. Ban aika da sannu ba, shi ya hana. Amma ki gaya mini yadda yake, ba sai ya san na tambaya ba.

Ciyawar gindin katanga ta wuce katangar, har yanzu ba kai. Bayan salla zan sare ta, sauro take tara mana.

Issoufou


Yamai
11 ga Oktoba, 1976

Kaka, ka yi haƙuri, ka yi haƙuri. Ban yi fushi ba, ban kuma zaɓi kowa ba. Tun Yuli ina ƙauye wajen jinyar Kaka Mahamman. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunka biyu suna jirana a makaranta. Jikinsa ya yi nauyi, tari ba ya barin sa, nome gonar ma 'ya'yansa suka yi. Gonar kuwa na gan ta da idona. Doguwar Sali ce, na shiga ciki na ɓace.

Zatona ya faɗi, gaskiyarka. Ban ji kunya ba, aikin da gwangwanayen suka yi ke nan, sun rufe mana hanya guda don kada mu ɓata lokaci a kanta. Amma naka ma bai tsaya ba, don ba ka gwada shi ba.

KADA KA SARE TA GINDIN KATANGA. Ba don wasiƙun sun zo mini tare ba da ban lura ba. A ta farko ka ce wadda fitila ke haskawa har bayan isha'i ta yi tsawo. A ta biyu ka ce ranarku ba ta tsawo. A gida ana shuka maiwa lokacin da rana ta fi tsawo, ta yi ta girma wata uku, ba ta fid da kai sai rana ta fara gajarta wajen kaka. A wajenku kullum ranar gajera ce a wurinta, tana tsirowa sai ta ɗauka kaka ta yi, ta yi sauri ta haihu. Ta gindin katanga kuwa fitilar Sabitu ta ƙara mata yini.

Na kai wa malaminmu da gudu. Ya ce masana sun daɗe da sanin haka a kan shuke-shuke da dama, amma tsiro guda a gindin katanga ba hujja ba ce, sai an gwada. Ka sake shuka shida, ƙasa iri ɗaya. Uku a inda duhu ke rufe su da magariba, uku ka rataya musu ƙwan lantarki daga magariba, awa biyu. Bayan wata uku ka daina kunnawa. In na yi daidai, sai a lokacin za su fid da kai.

Kaka, gwajin zai ci wata huɗu. Ban sani ba ko ɗan'uwanka yana da wata huɗu. Ka rubuto masa yanzu.

Kaltoumi


Akébé
2 ga Nuwamba, 1976

Kaltoumi, na gode Allah da ba fushi kika yi ba. Ta gindin katanga na riga na sare ta kwana tara kafin wasiƙarki. Haoua ta ɗaure igiyar shanya da karan.

Jiya na shuka. Maganar rubuta wa Mahamman, na ɗauki alƙalami sau uku na ajiye. Sau ɗaya na yi magana a kan abin da ban tabbatar ba, ga inda ta kai mu. In na ba shi haƙuri yau don yana kwance, zai san tausayi ne, kuma na san ƙanena, jefar da takardar zai yi. Ina so in ce masa na gani da idona. Ki yi masa addu'a, ni ma ina yi. Ga maganin tari na ba Hammadi, ki ce ke kika saya.

Issoufou


Akébé
16 ga Maris, 1977

Zuwa ga Malama Kaltoumi, jikar Issoufou, tattaɓa-kunnen Sali.

Assalamu alaikum. Lafiya lau, lafiya lau! Ki yi haƙuri da rubutun, sauri nake.

Ta fid da kai! Bari in bi da ke daki-daki kamar yadda yake a kaye. Ukun da ke cikin duhu, kwana arba'in da biyar, iya gwiwa, kamar kullum. Ukun da ke ƙarƙashin ƙwai suka yi ta tafiya. Sau huɗu ina ƙara wa sandar fitilar tsawo, har Sabitu ya yi mini ta ƙarfe. Ran ɗaya ga Fabrairu na daina kunnawa. Kwana talatin da huɗu ba abin da ya faru, na daina cin abincin kirki. Ran Litinin waccan da safe Haoua ta fita shanya, sai na ji ta tana kiran sunana, abin da ba ta yi ba tun muna yara. Kai uku, Kaltoumi, a sama da rufin kwano. Kamu shida da rabi a cikin rabin duro!

Akwai abin da ban gaya miki ba. Da na fara, Sabitu ya ce a gaban mutane, "Malam Issoufou, wane irin tsawon rana? Ɗumin ƙwan ne kawai, kamar kaza a kan ƙwai." Aka yi dariya. Na dawo gida ina juya maganarsa, don tana iya zama gaskiya. Sai na tuna kin ce abu guda kawai zai bambanta. Na shuka wasu uku a gefe, na rataya musu ƙwai iri ɗaya, amma na kife shi da gwangwanin madara na toshe ko'ina, ɗumi yana fita, haske ba ya fita. Ba wanda ya koya mini wannan. Iya gwiwa suka tsaya. Na kira Sabitu na ce ya taɓa gwangwanin. Ya taɓa ya yarfe hannu, ya dubi gajerun, ya dubi dogayen, ya ce, "To, na janye kazata."

Ranar Juma'a bayan salla mutum ya fi talatin a bayan gidana, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, har da wani ɗan ƙasar nan mai aikin gandun daji da ya roƙi ya kwafi kayena. Na yi musu bayani tun daga ƙasa har gwangwanin madara. Na ce jikata ta yi zato ya faɗi, ta ce ya faɗi, ta sake wani. Na ce ni na yi zato na riƙe shi shekara biyu ban gwada ba. Wannan na biyun bai yi daɗin faɗa ba, amma na faɗa.

Yanzu ga abin da ya rage. Na yanke zangarniya guda, ko da ba ta gama nuna ba, na naɗe ta a tsumma. Hammadi zai tashi jibi. Ga kuma takarda a ciki. Ki bar karatu kwana biyu ki kai wa Mahamman da kanki, ki karanta masa da ƙarfi, a gaban 'ya'yansa, don a gabansu saƙona na farko ya iso. Abin da ke ciki ke nan:

"Mahamman, irin da ka aiko na Baba ne. Ka riƙe amana shekara talatin, ni na ɓata maka suna a kan abin da ban sani ba. Na gani da idona. Ka yafe mini. Yayanka, Issoufou, da hannunsa."

Allah Ya sa ta same shi. Ki rubuto mini ko mene ne.


Yamai
8 ga Afrilu, 1977

Kaka, ta same shi.

Na tarar da shi a zaune a inuwar rumbu, ya rame sosai, amma tarin ya lafa har yana shan fura da kansa. Na tara 'ya'yansa na karanta. Ya ce in sake. Na sake. Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallon ta, alhali ba ya karatu, ya ce, "Wannan tafiyar tururuwar shi ya yi ta?" Na ce shi ne. Ya sa ta a aljihun ƙirji.

Sannan ya kwance tsumman. Ya murza zangarniyar, ya shinshina, ya aika a ciro tasa daga rumbu ya jera su. Na yi masa bayanin rana da fitila da gwangwanin madara. Ya ce ai Sali ya sha faɗa cewa ko yaushe ka shuka ta, ba ta fid da kai sai lokacinta ya yi, dalilin ne kawai ba su sani ba. Na rubuta wannan ma. Malaminmu ya karanta kwafin kayenka da Hammadi ya kawo a aji, ya tsaya a kan gwangwanin madara ya ce mu koyi aiki.

Ga saƙon Kaka Mahamman, ya ce kada in gyara ko kalma:

"Ka ce na yafe, tun ran da maganin tari ya zo, don na san yarinyar nan ba ta san irin wanda nake sha ba. Zangarniyarka ta gaza tawa da yatsa uku. Shekarata sittin ban kwana a ɗaki mai lantarki ba, kai ka kunna wa hatsi. Ka zo kafin shuka, akwai garma biyu. Zan nuna maka gabanta."

Jikarku ku biyu,
Kaltoumi